Nomau da Sandar da Take Kiran Shanu

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya ɗaukaka da sanin harafi, Ya kuma hore masa natsuwar zama da takarda a hannu, ina yi maka sallama irin ta mutanen da, ina kuma neman aron hankalinka na ɗan lokaci. Mai wannan alƙalami, Alhaji Mu'azu Ɗangaladima, ba baƙo ba ne a harkar rubutu. Na yi Elemantare, na yi Midil a zamanin da ake duba faratan ɗalibi kafin a duba littafinsa. Na yi shekara talatin da huɗu ina magatakarda a ofishin hakimi, ban taɓa aika takarda da ɗigon tawada a gefenta ba. Da na ajiye aiki, mutanen garinmu, Marken Dutse, suka ɗora mini shugabancin Kwamitin Da'a na Ƙungiyar Masu Shanu. Na karɓa, domin a lokacin ban ga wanda ya fi ni cancanta ba, kuma har yanzu ina dubawa.

Abin da zan ba ka labarinsa, wani na gani da idona, wani kuma na ji daga bakin wanda abin ya faru a kansa, bayan na zaunar da shi hantsi uku ina yi masa tambayoyi. Idan dariya ta zo maka, yi ta cikin kamala, domin a cikin labarin akwai saniyar wata tsohuwa, kuma ba ta da wata sai ita.

A bakin garinmu ta gabas akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Mutum uku ne a cikinsa: Nomau, magidanci ɗan shekara arba'in, da matarsa Lantana, da mahaifiyarsa Inna Dije, wadda ganinta ya yi rauni amma jinta ya fi na kowa. Nomau mutum ne mai ƙarfi da ladabi da son sanin yadda abubuwa suke. Ya yi aji huɗu a firamare, yana karatu a hankali, harafi bayan harafi. Aibinsa guda ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da sama za ta faɗo. Dukiyar gidan kuwa saniya ɗaya ce, ja mai farin tabo a goshi, ana kiranta Tauraruwa. Tana cikin garken ƙungiya tare da shanun sauran jama'a, a hannun wakilin garke, Malam Barmo, mutum mai faɗin murmushi wanda ba a taɓa ganinsa ba babbar riga ba. Kullum da yamma Inna Dije takan kai dusa bakin shinge ta yi kira, saniyar ta amsa ta zo. Sai aka wayi gari tana kira ba amsa. Aka yi mako, aka yi uku. Duk sanda ta tambaya, Malam Barmo sai ya ce, "Inna, tana cikin rukunin da ya kwana a fadama. Na'ura ta ƙirga ta ranar Alhamis. Kwantar da hankalinki."

Wajibi ne in bayyana wannan na'ura. Wata jami'ar kula da dabbobi, Malama Saratu, ita ta kawo ta. An maƙala wa kowace dabba wani ɗan kunne na roba, ruwan ɗorawa, da wata siririyar waya naɗe a cikinsa. Ba shi da batir, ba ya ci, ba ya sha. Sai kuma wata sanda mai tsawon kamu biyu, da ɗan gilashi a gindinta da maɓallai uku, waɗanda Malama ta manna wa suna da takarda. Idan aka danna Nemo, sandar takan aika kira ta iska irin na rediyo, duk ɗan kunnen da ke kusa ya farka ya faɗi lambarsa, sandar ta yi ƙit. Idan aka danna Karanto, sai ta fito da abin da aka rubuta a cikinsa: mai dabbar, shekarunta, mace ce ko namiji, da allurar da aka yi mata. Idan aka danna Ajiye, ta riƙe. Kowace Alhamis akan koro shanu ta wata ƙunƙuntar ƙofa, Malam Barmo yana tsaye a gefe, sanda tana ta ƙit-ƙit, lissafi ya fito ɗari biyu da goma sha huɗu cif. Tun zuwanta ba wanda ya ƙara ƙirga shanu da ido. Da Malama ta nemi wanda zai riƙa riƙe sandar, Malam Barmo da kansa ya kawo sunan Nomau. A lokacin mun yaba masa da tausayin talaka.

Nomau kuwa murna ta kama shi, saboda dalili biyu. Yana so ya gane yadda abin da ba shi da baki yake amsa kira, yana kuma so ya tambayi sandar inda Tauraruwa take.

Wata rana, ranar farko ke nan, Malama Saratu ta miƙa masa sandar ta ce, "Malam Nomau, wannan abu yana da tsada. Kada ya bar hannunka sai na dawo." Ta hau babur za ta je cikin gari ta dawo kafin azahar. Babur ya lalace a hanya, ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu. Nomau ya koma gida da sanda a hannun dama. Lantana ta kawo tuwo, ya zauna yana kallonsa.

"Maigida, ajiye ka ci mana."

"Ba a ce in ajiye ba."

"To ci da hagu."

Inna Dije daga ƙofar ɗaki ta ce, "A gidan nan? Ina da rai?"

Haka Lantana ta zauna tana ba ƙaton mutum tuwo a baki, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Da lokacin salla ya yi, ya tafi wurin Liman ya tsuguna ya kawo matsalarsa, yadda zai yi alwala. Liman ya ce, "Da ta ce hannunka, ta faɗi wanne?" Nomau ya yi tunani mai tsawo ya ce ba ta faɗa ba. "To, Allah Ya ba ka biyu." Nomau ya fito yana mamakin zurfin ilmin malamai. Da Malama ta dawo ta tarar da yatsunsa sun ƙage, sai da aka shafa man shanu kafin su saki.

Wata rana Malama ta ba shi wani ɗan kunne na gwaji, wanda ba na kowace dabba ba ne, ta ce, "Je ka gwada shi a ko'ina, har ka gane inda yake amsawa da inda ba ya amsawa." Ba a taɓa ba Nomau aikin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Ya sa shi cikin rumbu, ya danna Nemo, ƙit. Ya binne shi cikin toka, ƙit. Ya kife shi da kwanon ƙarfe, shiru. Ya ɗaga kwanon, ƙit. Ya kife, shiru. Ya yi haka sau ashirin yana dariya shi kaɗai. Ya ɗaura masa igiya ya zura shi rijiyar unguwa, mata suna jira da guga, shiru. Ya sa shi ƙarƙashin kazar Lantana mai kwanci, kaza ta tashi ta fasa ƙwai uku. Daga nan ya jefa shi cikin tukunyar miyar kuka tana tafasa.

"Wayyo ni Lantana! Abin kunnen shanu a miyata?"

"Yi shiru, ina saurare."

Da la'asar ya iske Liman yana gyangyaɗi a gindin darbejiya, ya lallaɓa ya cusa ɗan kunnen cikin naɗin rawaninsa, ya ja da baya taku uku, ya auna kan malamin da sanda. Ƙit. Liman ya farka ya ga ƙato ya nuna shi da wani abu mai ƙara, ya yi salati da ƙarfi har awaki suka watse. Washegari Nomau ya kai rahoto, yana ƙirgawa da yatsu: "Malama, ƙarfe yana rufe masa baki. Ruwa yana shaƙe shi, miya ma haka. Amma tufafi, ko ninki goma ne, yana jin kira yana amsawa." Malama ta ce ko ita ba ta taɓa gwada miya ba. Ta kuma je ta ba Liman haƙuri.

Wata rana aka koya masa Karanto. Ya tambayi Malam Barmo, "Ranka ya daɗe, idan idona ya ga wani abu, sanda ta faɗi wani, wanne zan bi?" Malam Barmo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sanda, Nomau. Abin da ta faɗa shi ne gaskiya. Ido yana ruɗi." Nomau ya riƙe wannan da kyau. Da hantsi ya bi ta gonar Malam Cindo, ya tarar yana huɗa da bijimansa biyu. Don son sani, ya matsa kusa da na dama, wani baƙin bijimi mai tozo kamar tulu, ya danna. Gilashi ya nuna: mace, shekara biyar, ciki wata bakwai. Nomau ya karanta sau uku. Ya san dokar ƙungiya ta hana sa dabba mai ciki jan garma. Sai ya kama igiya ya fara kwance bijimin.

"Kai, Nomau! Lafiya?"

"Barka da arziki, Malam Cindo. Saura wata biyu ta haihu."

"Wa?"

"Wannan."

Malam Cindo ya sunkuya ya nuna masa shaidar da Allah Ya yi wa bijimin, wadda ko daga bakin hanya ana hangenta. Nomau ya duba da kyau, ya jinjina kai ya ce, "Na gani. Amma ido yana ruɗi." Ya ja bijimin zuwa inuwa, ya aika a kawo masa ƙasari da kanwa. Huɗar ranar ba ta yiwu ba. Da magana ta kai ga Malama, ta bincika ta gano cewa ran da aka maƙala 'yan kunne an musanya na bijimin da na wata saniyar Malam Cindo. Ta gyara, ta ce wa Nomau, "Sandar ba ta ganin dabba. Ɗan kunnen kawai take ji, abin da aka rubuta a ciki shi take maimaitawa." Nomau ya yi ta juya wannan magana a ransa, amma da yake Malam Barmo ya riga ya ba shi umarni, ita kuwa bayani kawai ta yi, sai ya bi umarni.

Wata rana, Litinin ce, Malama ta tsayar da shi a bakin burtali ta ce, "Kada ka rabu da dabba sai ta amsa. In ta wuce ba ta amsa ba, bi ta." Shanun ƙungiya suka wuce suna amsawa. Sai ga wani farin sa na fatake, wanda ba shi da ɗan kunne ko ɗaya, ya biyo hanya da mai korarsa. Nomau ya danna, shiru. Ya bi shi. Suka wuce fadama, suka haye rafi, suka bar gonakin garinmu a baya, yana dannawa yana cewa, "Amsa mana, bawan Allah, in koma." Bafataken ya gaji da tambayarsa abin da yake nema, har ya ba shi riƙon igiya. Tafiyar awa huɗu suka yi, sai ga su a karar Tsamiyar Kura, inda ake tara shanun da za a loda a manyan motoci zuwa kudu.

A can, yana cikin zagaya farin san, sai ya ji an yi kuka a bayansa, kukan da ya sani tun tana maraƙa. Ya juya. Wata jar saniya ce a ɗaure a turken wani dillali, da farin tabo a goshi, kunnenta na hagu a tsage. Ta miƙo wuya ta lashi hannunsa. Ya ɗaga sanda ya danna Nemo. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya tsaya yana kallonta, tana kallonsa. Ya tambayi dillalin yaushe za a tafi da ita, aka ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya shafa goshinta ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, kin yi kama da wata." Farin san kuwa mahauta suka saye shi, Nomau ya tsaya har aka yanka, sannan ya yanke hukunci cewa yanzu kam ba zai amsa ba, ya kamo hanyar gida.

Da ya ba da labari, Inna Dije ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

"Ta lashe ka?"

"Ta lasa, Inna."

"A wane hannu?"

"Na hagu, wurin tabon lauje."

"Nan take lasa tun tana jaririya! Nomau, ɗan nan, ka ga saniyata ka baro ta?"

"Inna, sanda ba ta san ta ba."

A nan, ya mai karatu, dole in ambaci kaina, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Ranar Talata Inna Dije ta zo zaurena, Lantana tana riƙe da hannunta, ta kawo ƙara. Na sa aka kira Malam Barmo. Ya zo da takardar ƙirga ta Alhamis huɗu a jere, kowacce da lambar Tauraruwa a kanta, an buga da inji, ba kure ba gyara. Ni kuwa mutum ne da ya yi shekara talatin da huɗu yana girmama takarda. Na dubi takarda, na dubi tsohuwa mai raunin gani da shaidar ɗanta wanda ya yi wa bijimi barka da ciki. Na ce mata jajayen shanu masu farin goshi suna da yawa a duniya, ta koma gida ta yi haƙuri. Ta miƙe ta ce, "Alhaji, takarda ba ta cin dusa."

Nomau bai sami sukuni ba a kwana biyun nan. Yana zaune a bakin shinge da sanda a cinya, yana tambayar kansa: idan Tauraruwa tana amsawa kowace Alhamis, daga ina take amsawa? Ya zagaya rukunin fadama, ya zagaya na tudu, bai ga farin goshi ba. Ya ƙudura a ransa cewa ranar Alhamis, duk inda muryarta ta fito, zai bi ta har ya kama.

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, ta zo daidai da ranar allurar rigakafi. Jama'a suka taru, aka kawo mini kujera aka ajiye a inuwa kusa da ƙofa. Inna Dije ma ta zo da ƙwaryar dusarta ta zauna a ƙasa. Malama Saratu ta karɓi sandar ta taɓa wani abu a cikinta, ta ce yau ta rage mata nisan kira, ba za ta ji ɗan kunne ba sai wanda ke kusa da ita kamu ɗaya, domin allura ɗaya bayan ɗaya ake yi. Ko da wata manufa ta yi haka, ba ta taɓa gaya mini ba. Ta mayar wa Nomau sandar, ta ba shi bokitin jan fenti da burushi ta ce, "Saurara da kyau. Duk abin da sanda ta kira lambarsa, ka shafa masa ja a gadon baya, shafa ɗaya ga kowace lamba. Duk abin da ka shafa wa ja, ka riƙe shi sai an yi masa allura."

"Duk abin da ta kira?"

"Duk abin da ta kira."

Aka fara. Saniya ta shigo, ƙit, shafa, allura, ta wuce. Rana ta take, aiki yana tafiya. Malam Barmo yana tsaye a wurinsa na kullum cikin farar babbar riga mai aiki, sai dai na lura murmushinsa yana raguwa kamar ruwan randa. Da dabba ta ƙarshe ta wuce, Malama ta leƙa gilashi ta ce, "Ɗari biyu da bakwai."

Malam Cindo ya ce, "Saura bakwai ke nan."

Malam Barmo ya yi dariya ya ce, "Haba, zafi ne ya taɓa na'urar. Ko kuma wannan bawan Allah bai danna da kyau ba. Nomau, kawo in gani." Ya matso har rigarsa tana gogar sandar, ya ɗora yatsa a kan na Nomau, ya danna Nemo da kansa.

Ƙit. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Ƙit.

"Kun gani?" in ji shi, ya juya ga jama'a yana buɗe hannuwa. "Ɗari biyu da sha huɗu. Dama tana riƙe da su ne a ciki, ba ta fito da su ba."

Wasu har sun fara gyaɗa kai, ni ma ina cikinsu. Nomau kuwa ya dubi dama, ba saniya. Ya dubi hagu, ba saniya. Abu ɗaya ne kawai a cikin kamu ɗaya daga bakin sandar, kuma ga shi ya juya masa gadon baya. Ya ajiye sanda, ya tsoma burushi cikin bokiti, ya ja jan layi tun daga wuyan farar rigar har ƙugu.

"Kai! Mene ne haka?"

"Tsaya, ranka ya daɗe, saura shida."

Malam Barmo ya zabura zai gudu, amma an ce a riƙe, kuma na riga na gaya maka Nomau ƙaƙƙarfa ne. Ya cafki wuyan rigar da hannun hagu kamar yadda ake kama maraƙi, ya ci gaba da shafawa da dama yana ƙirgawa a fili, biyu, uku, huɗu, har bakwai, bai tsallake ba, bai maimaita ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Malama, ga guda bakwai nan a haɗe. A kawo allura."

"Alhaji, kana kallo mahaukaci yana wulaƙanta ni?" in ji Malam Barmo.

Kafin in shirya amsar da ta dace, son sani ya riga ya kama Nomau. Ya saƙale burushi, ya ɗauki sanda, ya yi ta yawo da ita a jikin rigar yana dannawa. A kafaɗa shiru, a baya shiru, a daidai aljihun ciki na dama, ƙit. Ya danna Karanto, ya karanta a hankali yadda ya saba: "Mace. Shekara shida. Mai ita, Di-je." Fuskarsa ta washe. Ya sunkuya daidai aljihun ya ce da murya mai taushi, "Tauraruwa, ashe nan kika shige?" Ya waiwaya ya ƙwala kira, "Inna! Kawo dusar, ga ta nan cikin Malam Barmo!"

Tsohuwar ta taso, Lantana tana jagorarta. Ta lalubi rigar, ta zura hannu cikin aljihun, ta zaro wani ƙunshin tsumma, ta kwance shi a gabana. 'Yan kunne bakwai suka zubo a ƙasa, ruwan ɗorawa, kowanne da guntun gashi a maƙale. Malama ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, masu shanu suna jin sunayensu suna salati. Biyu daga ciki nawa ne.

Ba a sha wahalar sauran bayani ba. Malam Barmo yakan fitar da dabba, ya yanke ɗan kunnenta, ya sayar da ita a kara, ya zuba ɗan kunnen a aljihu. Ranar ƙirga ya tsaya a bakin ƙofa, sanda ta yi kira, aljihu ya amsa. Ya zaɓi Nomau ne don ya tabbata ba zai taɓa yin tambaya ba. Bai yi kuskure ba a nan, Nomau bai tambaye shi komai ba.

A ranar na ba da motar ƙungiya, aka tafi Tsamiyar Kura da Malama da Inna Dije da dogarai biyu na hakimi. An ce tun daga bakin kara tsohuwar ta yi kira sau ɗaya, saniyar ta amsa har ta kusa tsinke igiya. Dillalin ya saya ne bisa rashin sani, aka warware cinikin, Malam Barmo ya mayar masa da kuɗinsa. Uku daga cikin bakwai aka samu a raye, huɗu sun riga sun tafi kudu. Da aka sauke Tauraruwa a ƙofar gida, Nomau ya ƙi yarda da ita, sai da Malama ta maƙala mata ɗan kunnenta a kunnen dama, ya danna, ta yi ƙit. Sannan ya rungume wuyanta ya fashe da kuka, yana cewa dama tun a kara zuciyarsa ta so ta gaya masa.

Ranar Asabar na kira zaman Kwamitin Da'a a zaurena. Kafin a buɗe, na miƙe tsaye a gaban jama'a na ba Inna Dije haƙuri, abin da ban taɓa yi wa kowa ba tun da na bar Midil. Nomau ya ɗaga hannu ya tunatar da kwamiti cewa har yanzu ba a yi wa Malam Barmo allurarsa bakwai ba, shi kuwa an ce kada ya saki sai an yi. Na duba wannan batu da idon basira, na nemi shawarar Malama, na yafe allurar bisa dalilin lafiya, aka rubuta.

Sauran kuwa ban yafe ba. Ga tarar da na yanke wa Malam Barmo, ni Alhaji Mu'azu Ɗangaladima, da hannuna da hatimina: ya sauka daga wakilcin garke, ya biya shanu huɗu da suka salwanta, kowacce da irinta, ya ba Inna Dije karsana ɗaya da buhun dusa bakwai, kuma Alhamis bakwai a jere ya tsaya a bakin ƙofar nan cikin rigarsa mai jan layi, ba wanki, Nomau yana danna sanda a gefe, shi kuwa yana ƙirga shanun jama'a da ido da baki, ɗaya bayan ɗaya, da muryar da Inna Dije za ta ji daga inda take zaune.